Yadda Ake Sa Jarumin Wasan Bidiyo Ya Yi Tafiya Kamar Mai Rai

Jarumin farko da na haɗa don wasan bidiyo, kusan mako biyu na shafe ina yi masa kwalliya: fuska, gashi, har da zaren ɗinkin riga. Ranar da na saka shi cikin wasan na miƙa wa wani abokin aikina ya gwada, bai kai taku biyar ba ya ɗago kai ya ce, "Wannan mutumin naka a kan santsi yake tafiya ne?" Fuskar da na sha wahala a kanta ko kallo ba ta ishe shi ba.

Ido yana yafe wa hancin da bai fito daidai ba, amma ba ya yafe wa ƙafar da ke zamewa ko jikin da ba shi da nauyi. Tun muna goye muke kallon mutane suna tafiya, don haka ko wanda bai san komai a wannan sana'a ba zai ji cewa da sake, ko da ya kasa nuna inda ɓarakar take. Kuma a wasan da kyamara ke bin jarumi ta baya, tafiyar nan ita mai wasa zai yi ta kallo awa da awanni. Shi ya sa da ita nake fara wa duk wanda ya zo koyo.

Kayan aiki

- Kwamfuta. Ba sai mai tsada ba. Mai RAM 8GB za ta yi, 16GB ta fi daɗin aiki. Ka nemi maus mai maɓallin tsakiya, domin da shi ake juya kallo a Blender, manhajar da za mu ƙera motsin a cikinta. In babu, ka kunna Emulate 3 Button Mouse a cikin Preferences.
- Blender, wadda kyauta ce. Manyan kamfanoni da yawa Maya suke amfani da ita, amma abin da zan faɗa ɗaya ne a duka biyun, sunayen maɓallai ne kawai suka bambanta.
- Injin wasa guda ɗaya, wato manhajar da ake haɗa wasan a cikinta: Godot, Unity ko Unreal Engine. In kwamfutarka ba ta da ƙarfi, Godot ya fi sauƙi a kanta.
- Jarumin da aka riga aka ƙera. In ba ka da naka, shafin Mixamo na kamfanin Adobe yana bayarwa kyauta ga mai rajista.
- Waya mai kyamara, abin da za ka jingina ta, tef na manna alama a ƙasa, tef na awo, da fili mai tsawon mita 5 ko 6.
- Kwantirola mai sandar yatsa, don gwaji. Madannai ba sa nuna maka tafiyar hankali, ko dai tsaye ko gudu.

Kalmomi biyu kafin mu shiga. Firem shi ne hoto ɗaya daga cikin hotunan da ke wucewa a jere su ba da motsi. Kifirem kuwa shi ne firem ɗin da ka kafa wa jiki yanayi da hannunka. Abin da ke tsakanin kifirem biyu kwamfuta ce ke cike shi.

1. Ka san wanda ke tafiyar, sannan ka ɗauki bidiyo

Babu wani abu wai shi "tafiya kawai". Akwai taƙama, akwai sanɗa, akwai rangaji, akwai tafiyar wanda ya gaji, da ta wanda ke ɗauke da kaya a baya. Ka rubuta layi ɗaya: shekarunsa, nauyinsa, abin da yake ɗauke da shi, da halin da yake ciki. Wanda ya tsallake wannan sai ya fito da tafiyar mutum-mutumi, wadda ba ta kowa ba ce.

Sai bidiyo. Ka manna alama a ƙasa kowane rabin mita. Ka ajiye wayar daidai tsayin ƙugu, nesa kaɗan, ka sa ta a kan firem 60 a daƙiƙa. Ka ɗauka ta gefe, ta gaba, ta baya. Ka wuce sau biyar ko shida, domin wucewar farko kowa yana tafiya ne kamar wanda ya san ana kallonsa. Ka zaɓi takun tsakiya, ka watsar da na farko da na ƙarshe. Sannan ka jawo bidiyon cikin Blender ya zauna a gefen jarumin.

Kada ka ɗauka satar amsa ce. Tun 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori ya ɗauki doki yana gudu, aka ga abin da ido ya kasa tantancewa, kuma har yau masu rayar da zane suna duba hotunansa. Jordan Mechner ma ƙaninsa ya ɗauka a bidiyo yana gudu da tsalle, ya bi hotunan ya zana jarumin Prince of Persia na 1989. Ɗigo-ɗigo ne kawai a allo, ko fuska ba a gani sosai, amma mutane sun yarda mutum ne saboda yadda yake cin birki da yadda yake rataya a bakin gini. In ba ka da wurin ɗauka, ka nemi bidiyon tafiya a intanet wanda aka ɗauka ta gefe da kyamara a tsaye cak.

2. Ƙwarangwal

Tun ran gini ran zane. Kuskuren da aka yi a nan sai ya bi ka har ƙarshe.

Ka fara da girma. Jarumin ya kasance da tsayin mutum na gaske, kamar mita 1.7 ko 1.8, ƙafafunsa a kan layin ƙasa, a tsakiyar fili. Ka danna Ctrl+A ka zaɓi All Transforms. Wanda ya manta wannan shi ne zai ga jarumi ya shiga injin wasa kamar tururuwa ko kuma ya fi gini tsawo.

Ka kunna Rigify, abin haɗa ƙashi na Blender, a Preferences, ka ɗauko ƙwarangwal ɗin mutum, ka daidaita kowane ƙashi da gaɓarsa. Gwiwa ta ɗan lanƙwashe gaba, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe baya, ko da kaɗan ne, don kwamfuta ta san ta ina gaɓar ke karyewa. Ka danna Generate Rig, sannan ka ɗaura jiki a kan ƙashi da Ctrl+P, With Automatic Weights. Rabon da kwamfuta ke yi ba ya cika daidai, saboda haka ka gwada: ka tsugunar da shi, ka ɗaga hannunsa sama, ka murɗa wuyan hannu. Inda fata ta tsuke kamar an matse leda, yawanci hamata da matse-matsi da wuyan hannu, ka shiga Weight Paint ka gyara. Ka tsaya a kan ƙashi huɗu ga kowane ɗigon fata, domin injina da yawa iyakarsu ke nan in ba ka canja ba.

In wannan ya yi maka yawa a farko, ka ɗora jarumin a Mixamo, ka sa alama a haɓa, wuyan hannu, gwiwar hannu, gwiwa da tsakanin cinyoyi, ya haɗa maka ƙashi cikin 'yan mintuna. Sai dai ba ya zuwa da IK, kai za ka ƙara.

Ga abin da ake nufi. A tsarin FK, kai ne ke juya cinya, ƙwauri ya bi, tafin ƙafa ya bi. A tsarin IK kuwa tafin ƙafa kake kafawa inda kake so, kwamfuta ta lissafa yadda gwiwa za ta karye. Ƙafa IK take so, don ta kafu a ƙasa ko da ƙugu ya motsa. Hannu mai lilo FK yake so. Sannan ka tabbata akwai ƙashin tushe a ƙasa tsakanin ƙafafu, wanda duk sauran ke rataye a kansa.

3. Lissafi kafin motsi

Wannan shi ne matakin da da na sani tun farko da abokin nan nawa bai yi mini dariya ba.

Blender a kan firem 24 a daƙiƙa take zuwa, irin na fim. Ka mayar da ita 30. Baligi mai lafiya yana tafiyar kusan mita 1.4 a daƙiƙa, taku 100 zuwa 120 a minti. Mu za mu ba zagaye ɗaya, wato takun dama da na hagu, firem 32, saboda yana rabuwa takwas ba saura. Firem 32 daƙiƙa 1.07 ke nan. In kowane taku santimita 75 ne, zagaye ɗaya mita 1.5 ne. Ka raba 1.5 da 1.07, ka sami kusan 1.4. Ka rubuta wannan lamba a takarda ka manna a jikin kwamfuta, za ka neme ta a mataki na 8. In jarumin gajere ne ko yaro, taku zai ragu, lambar ma ta canja. Ka sake lissafi, kada ka yi kintace.

4. Yanayi huɗu na taku ɗaya

Ka sa kifirem ɗinka su zama Constant, ta danna T a Dope Sheet, tagar da ke jera kifirem, don kwamfuta ta daina cike tsakani tukuna. Kana so ka ga kowane yanayi shi kaɗai, kamar hoto.

Firem 1, saukar diddige: ƙafar dama a gaba, diddige ya taɓa ƙasa, yatsu sama, ta hagu a baya a kan yatsu. Hannun hagu gaba, na dama baya. Nan ƙafafu suka fi buɗewa.

Firem 5, karɓar nauyi: tafin dama ya shimfiɗe, gwiwa ta ɗan karye, jiki ya sauka. Nan ne mafi ƙasa.

Firem 9, giftawa: ƙafar dama a miƙe ƙarƙashin jiki tana ɗauke da komai, ta hagu tana wuce ta a lanƙwashe.

Firem 13, turawa: jiki ya wuce kan ƙafar dama, diddigenta ya soma ɗagawa, ta hagu ta miƙa gaba tana neman ƙasa.

A firem 17 saukar diddige ce kuma, amma ta hagu. Ba sai ka sake ginawa ba: ka kwafi yanayin firem 1 da Ctrl+C, ka je 17 ka danna Ctrl+Shift+V, ya manna shi a juye. Haka 5 zuwa 21, 9 zuwa 25, 13 zuwa 29. Firem 33 kuma kwafin firem 1 ne ba juyi.

Kada ka bi su a jere. Ka fara da 1 da 17, sai 9, sannan 5 da 13. Kuma a kowanne ka dube shi ta gaba, ba ta gefe kaɗai ba. Masu koyo sukan gyara gefe ya yi kyau, in an juyo gaba sai a ga ƙafafu a ware kamar na agwagwa. Mutum yana taka ƙafafunsa kusa da layi ɗaya, yatsu na ɗan kallon waje.

5. Ƙugu, inda nauyi yake

In lokacinka kaɗan ne, a nan za ka zuba shi. Tafiya faɗuwa ce da ake tarewa: jiki ya karkata gaba, ƙafa ta yi sauri ta tare shi, a sake. Duk wannan a ƙugu yake bayyana, kuma motsi huɗu yake yi a lokaci guda.

Yana hawa yana sauka, sau biyu a zagaye, jimilla kamar santimita 4 zuwa 5. Mafi ƙasa a firem 5 da 21, mafi sama tsakanin 9 da 13. Wanda ya cire wannan, jarumi zai zama kamar ana jan sa a kan taya. Wanda ya zarce kuma, sai ya zama mai tsalle-tsalle.

Yana matsawa gefe, ya hau kan ƙafar da ke ƙasa. Ka tashi ka gwada: ka tsaya ƙafafu a ware, ka ɗaga ɗaya ba tare da ka matsa ba. Ba za ka iya ba. To haka jarumin ma. A firem 9 ƙugu ya koma dama, a 25 ya koma hagu. Wannan shi ne wanda aka fi mantawa, kuma da kyamarar baya shi ake fara gani.

Yana juyawa, ɓangaren ƙafar da ke gaba ya ɗan yi gaba, kamar digiri 4 kowane gefe. Sannan yana karkata: ɓangaren ƙafar da ke sama ya ɗan sauka, kamar digiri 5, a lokacin giftawa.

Ƙirji da kafaɗu suna yi wa ƙugu kishiya. In ƙugu ya juya dama, ƙirji ya juya hagu. In ƙugu ya sauka ta hagu, kafaɗar dama ce za ta ɗan sauka. Ka rarraba juyin a kan ƙasusuwan baya duka, kada ka ɗora wa ɗaya. Kai kuwa nutsuwa yake so, domin mutum yana riƙe idonsa a kan inda ya nufa. Ka ba shi ɗan gyaɗawa kaɗan bayan saukar jiki da firem ɗaya ko biyu.

A nan hali ke shiga. Mai ƙiba ko mai kaya yana daɗewa a ƙasa, matsawarsa gefe ta fi yawa, takunsa gajeru. Mai taƙama ƙirji gaba, kafaɗa na aiki. Wanda ya gaji kai ne ke gaba, ƙugu na biye. Ni a ra'ayina, a wasa gara ka ɗan ƙara a kan abin da bidiyo ya nuna, saboda jarumi ƙarami ne a allo kuma abin da ya yi daidai da gaskiya yakan fito a sandare. Amma ɗan ƙari na ce.

6. Ƙafa da ƙasa

Yanzu ka mayar da kifirem zuwa Bezier, don kwamfuta ta koma cike tsakani, ka kunna. Zai yi muni, kamar mai tafiya a cikin ruwa. Kowa haka yake gani, kada ka karaya. Ka buɗe Graph Editor, tagar da ke nuna motsi a matsayin layi, ka danna Shift+E ka zaɓi Make Cyclic don ƙarshen layi ya haɗu da farkonsa ba gargada.

Tunda jarumin a wuri ɗaya yake takawa, kamar mai kan injin motsa jiki, ƙafar da ke ƙasa baya take tafiya. Dole ta yi bayan da gudu ɗaya tak, ba sauri ba lafawa, domin ƙasa ba ta canja gudu. A lissafinmu, mita 1.5 a raba 32, kusan santimita 4.7 kowane firem. Ka zaɓi layin gaba da baya na ƙafar, tun daga saukar diddige har ɗagawar yatsu, ka danna V ka zaɓi Vector ya miƙe sak. In ka bar shi a lanƙwashe, ƙafa za ta zame komai kyan sauran aikin. In kana shakka, ka ajiye ƙananan akwatuna a ƙasa su riƙa tafiya baya da mita 1.4 a daƙiƙa, ka ga ko ƙafar na manne da su.

Kowace ƙafa tana ƙasa kusan kashi 60 cikin 100 na zagaye, wato firem 19 ko 20, tana sama sauran. Ma'ana akwai lokacin da duka biyun ke ƙasa. Bambancin tafiya da gudu ke nan: a gudu akwai lokacin da babu ko ɗaya a ƙasa.

Tafin ƙafa ba faranti ba ne. Diddige ya sauka, cikin firem biyu ko uku tafin ya faɗi da ɗan ƙarfi, ya zauna, diddige ya ɗaga yatsu na nan a lanƙwashe, sannan yatsu su bar ƙasa su biyo baya. Kada ka ɗaga ƙafa da yawa a giftawa. Yatsun mutum santimita ɗaya ko biyu suke tsallake ƙasa da shi, shi ya sa ɗan tudu ke sa tuntuɓe. In ka ɗaga sosai ya zama fareti.

Sai ɗan hakin da ka raina: ƙwacewar gwiwa. In ƙafar IK ta miƙe gaba ɗaya, gwiwa sai ta yi fizga a firem ɗaya. Ka bi firem-firem kana kallon gwiwa kaɗai. Inda ta fizga, ka sauke ƙugu kaɗan, ko ka ɗaga diddigen baya da wuri, ko ka rage taku. In ka rage taku, ka koma mataki na 3.

7. Hannu da abin da ke biyo baya

Hannu lilo yake yi daga kafaɗa, kishiyar ƙafa. Sirrinsa jinkiri: damtse ya fara, gwiwar hannu ta biyo bayan firem biyu, wuyan hannu bayan wasu biyu, yatsu a ƙarshe. Ka zaɓi kifirem ɗinsu a Graph Editor ka ja su gaba da G. Masu zanen Disney sun daɗe da tsara wannan cikin ƙa'idodinsu 12, kuma ba abin da ya canja. Yatsu su kasance a sake, a ɗan lanƙwashe. Hannu a shimfiɗe kamar katako yana kashe komai. Ka kunna Motion Paths a kan wuyan hannu, idon sawu da hanci. Ya kamata ka ga layi mai lanƙwasa sumul. Duk inda ya yi kwana mai kaifi, akwai gyara.

Ka ɗan bambanta dama da hagu, hannu ɗaya ya fi ɗaya lilo kaɗan. Amma a hannu da kai kawai. Na taɓa bambanta lokacin takun da firem ɗaya don "ya yi kama da gaske", sai ga jarumi yana ɗingishi. Abin da zai maimaitu sau dubu, ɗan ƙanƙanin bambanci ma ƙato ne.

8. Shigarwa cikin injin wasa

Ka fitar da aikin a fayil irin FBX don Unity ko Unreal, glTF don Godot. A FBX ka kunna Only Deform Bones, ka kashe Add Leaf Bones. Ka fitar da firem 1 zuwa 33, har da na ƙarshen da ya maimaita na farko. A Blender kawai kake tsayawa a 32 lokacin kallo. Ka tuna Unity da Godot da mita suke awo, Unreal da santimita, don haka 1.4 ɗinka a can 140 ne.

Hanya biyu ce ta ciyar da jarumi gaba. Ko lambar shirin wasa ta tura shi yana takawa a wuri ɗaya, ko ƙashin tushe ya ɗauke shi, wato motsin da kansa ya ja jiki. Ta farko ta fi saurin amsa umarni da sauƙin sarrafawa, ta biyu ta fi kafa ƙafa. Mai koyo ya fara da ta farko, ya ɗauko takardar nan ya rubuta gudun daidai. In mai tsara wasan ya ce 1.4 ya yi nawa, kuma kusan kullum sai ya ce haka, kada a ƙara gudu a bar motsi yadda yake. Ƙarin kashi 10 ko 15 cikin 100 ana iya bin sa da ƙara saurin kunna motsin daidai gwargwado. Fiye da haka, sai a yi sassarfa daban.

Za ka buƙaci aƙalla tsayuwa, tafiya da gudu, a gauraya su gwargwadon yadda aka tura sandar yatsa. Wurin gaurayar sunansa Blend Tree a Unity, Blend Space a Unreal, BlendSpace a cikin AnimationTree na Godot. Sharaɗi ɗaya: tafiya da gudu su fara da ƙafa ɗaya, kuma saukar ɗaya ƙafar ta faɗo a tsakiyar kowanne. In ba haka ba, a tsakiyar gauraya ƙafafu za su harɗe.

Nan kuma wasa ya rabu da fim. A fim, kafin tsalle mutum zai tsuguna ya tara ƙarfi, rabin daƙiƙa ba komai ba ne. A wasa, wanda ya danna maɓalli yana so ya ga amsa yanzu. A wasa mai firem 60 a daƙiƙa, kowane firem daƙiƙa 0.017 ne kawai, kuma yatsa na jin jinkirin kaɗan daga cikinsu. Don haka ka taƙaita shiri, ka zuba nauyin a bayan aiki: saukar tsalle, cin birki, karkata a kwana. Kuma ka bar mai wasa ya iya katse su. Sauyi daga motsi zuwa motsi Unity a kan daƙiƙa 0.25 yake zuwa, Unreal 0.2. Daga tsayuwa zuwa tafiya nakan rage shi zuwa 0.1 ko 0.15, daga tafiya zuwa tsayuwa in bar shi ya ɗan ja. Red Dead Redemption 2 na 2018 ya zaɓi nauyi da gangan, wasu suka yaba, wasu suka ce jarumin na da nawa a hannu. Zaɓi ne, amma ka yi shi da saninka.

9. Ƙananan abubuwa masu ba da rai

Ka sa alama a firem ɗin saukar diddige, Animation Event a Unity ko Anim Notify a Unreal, ka ɗaura mata ƙarar taku da ɗan ƙura. Sautin da ya faɗo daidai yana ƙara nauyi fiye da gyaran kwana guda. Ka haɗa IK na ƙafa a cikin injin don matakala da gangare: a harba layin awo daga kowace ƙafa zuwa ƙasa, a daidaita tafin, a sauke ƙugu zuwa ga ƙafar da ta fi ƙasa.

A tsaye ma kada ya daskare. Numfashi 12 zuwa 20 a minti, nauyi a kan ƙafa ɗaya, ƙifta ido 15 zuwa 20 a minti ba a kan ƙa'ida ba, kuma ido ya riga kai juyawa. Tun 1970 masanin mutum-mutumi na Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa abu in ya kusa zama mutum amma bai kai ba, tsoro yake bayarwa, kuma motsi na ƙara tsananta hakan. Ma'anarsa a gare ka: gwargwadon kyan fatar jarumi, gwargwadon bashin motsin da ka ɗauka. In kai kaɗai ne, jarumi mai siffar zane ya fi rufa asiri.

10. In za ka yi amfani da naɗaɗɗen motsi

Wato motsin da aka ɗauko daga jikin mutum na gaske. Akwai na Mixamo, akwai rumbun jami'ar Carnegie Mellon mai motsi sama da 2,000 kyauta, akwai kuma manhajoji irin su Rokoko Vision da DeepMotion masu ciro motsi daga bidiyon waya. Suna rage aiki, ba sa kawar da shi. Tsayin ƙafar wanda aka naɗa ba na jaruminka ba ne, don haka gudun zai canja. Ka auna nisan da ƙugu ya ci ka sake lissafi. Ka kafe ƙafafu da IK, ka share karkarwa, ka buɗe hannaye in suna shiga cikin jiki, ka haɗa bakin zagayen. Manyan wasanni irin su For Honor na 2017 da The Last of Us Part II na 2020 sun bi wata hanya, inda injin ke laluben tarin naɗaɗɗen motsi yana zaɓo firem mafi dacewa da inda ƙafa take da inda mai wasa ya nufa. Unreal ma yanzu yana da ita. Ka bar ta sai ka iya gane zamewar ƙafa da idonka.

11. Gwaji

Ka gwada da kyamarar wasan, ba ta Blender ba. Ka mayar da jarumin baƙi ƙirin a kan farin bango ka ga ko inuwarsa kaɗai na nuna wane ne. Ka shimfiɗa ƙasa mai layi-layi, ka rage gudun wasan zuwa kwata, ka zuba wa tafin ƙafa ido. Ka juya hoton dama zuwa hagu, domin idon da ya saba ba ya ganin laifi. Sannan ka wahalar da shi da kwantirola: tura kaɗan, saki, juya baya farat ɗaya, zagaya da'ira, tunkari bango.

Daga nan ka miƙa wa wanda bai taɓa gani ba, ka yi shiru. In ya ce "kamar yana shawagi", duba firem 5 da 21. In ya ce "a sandare yake", duba matsawar ƙugu da jinkirin hannu. In ya ce "ba ya jin magana", lokacin sauyi ne ya yi tsawo. In kuwa santsi ya ambata, ɗauko takardar lissafi.